Majami'a a Bayan Ganuwa: Tarihin Ikkilisiyar Angalika da Zaman Jama'arta, daga Wusasa zuwa Ƙasar Gwandu

A shekarar 1824, lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi masa wata tambaya da ta ɗaure masa kai. Ya nemi sanin ko mutanen Ingila Nasɗurawa ne, ko kuwa mabiya Sosinus ne, wato waɗanda suka ƙi aƙidar Allah-uku-cikin-ɗaya. Clapperton sojan ruwa ne, ba malamin addini ba. Ya amsa cewa su Furotesta ne, da tambayoyi suka yi zurfi kuma ya yarda cewa iliminsa bai kai can ba.

Abin lura shi ne ɗan Shehu bai ɗauki Nasara a matsayin dunƙule guda ba. Ya san suna da mazhabobi, ya san sunayen wasunsu, ya kuma ga dacewar ya tantance wadda baƙonsa yake bi. Yau, bayan shekara ɗari biyu, ɗalibin ilimi zai ratsa Birnin Kebbi ya nufi Kalgo, ya wuce allunan majami'u iri-iri, sau da yawa ba tare da ya iya bambance Katolika da Angalika, ko ECWA da Baftis ba. Wannan maƙala ta ɗauki ɗariƙa ɗaya, Angalika, ta dube ta a ƙaramin gidanta, wato majami'ar unguwa da jama'ar da ke kewaye da ita. Misalin da tarihinsa ya fi fitowa fili a ƙasar Hausa shi ne na Wusasa, a bayan birnin Zariya. Amma zaren labarin daga ƙasar Gwandu ya faro, can kuma zai koma.

Asalin ɗariƙar

Angalika reshe ce ta Cocin Ingila, wanda ya fita daga ƙarƙashin Fafaroma a 1534, zamanin Sarki Henry na Takwas. Musabbabin farko rikicin aure ne da na mulki, daga baya aƙidun Furotesta suka shige shi. Abin da ya haifar shi ne coci mai tsohon tsarin shugabanci na bishop da firist da dikin, amma ba ya karɓar umarni daga Rum, limamansa suna aure, ibadarsa kuma da harshen jama'a ake yin ta. Abin da ya fi haɗa kan mabiyansa shi ne Littafin Addu'a, wanda aka fara bugawa a 1549, aka daidaita shi a 1662. A cikinsa aka tsara lafazin ibadar safe da ta maraice, da na baftisma, da ɗaurin aure, da jana'iza.

A Ingila an yanka ƙasa duka gunduma-gunduma, kowace da majami'arta da limaminta. Wannan gunduma ita ake kira farish. Limamin farish yana ɗaukar duk wanda ke zaune cikin iyakarsa a matsayin amanarsa, ko yana zuwa ibada ko ba ya zuwa, majami'ar kuma a tsakiyar gari take, kamar yadda masallacin Juma'a yake a ƙofar fada. Da tsarin ya iso ƙasar Hausa sai ya kife. Majami'a ta koma gefen gari, jama'arta suka zama 'yan tsiraru, iyakar farish kuma ta tashi daga iyakar ƙasa ta koma jerin sunayen da ke cikin littafin rajista. Wanda ya fahimci wannan kifewar ya fahimci rabin halayyar Angalika a Arewa.

Haɗuwar farko a ƙasar Gwandu

Bayan da Shehu Usmanu ya raba kula da daula a 1812, yammaci ya faɗa hannun ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Gwandu. Nupe da Ilori daga baya suka zama masu biyayya ga Gwandu, kogin Kwara kuma ta cikinsu ya ratsa. Saboda haka duk Baturen da ya biyo ruwa daga teku, ƙasar Gwandu yake fara takawa kafin ta Sakkwato.

Ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila da aka fi sani da CMS, wadda aka kafa a 1799, ta wannan ƙofa ta shigo. A tafiyar kogin Kwara ta 1841 akwai mutum biyu nata: Bajamushe J. F. Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa, da Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe da aka 'yanto daga jirgin bayi. A 1857 Crowther ya sake hawa kogin, jirginsu ya farfashe a kan duwatsu kusa da Jebba, ya yi zama a Raba yana fatan wucewa Sakkwato, abin bai yiwu ba. A 1864 aka naɗa shi bishop, baƙar fata na farko da ya sami wannan muƙami a ɗariƙar.

Dabarar Crowther ita ce lallashi. Yakan kai gaisuwa ga Etsu Nupe Masaba a Bida, ya nemi izini kafin ya kafa tasha, ya kuma guji zagin addinin masu masaukinsa. Sarakunan Nupe sun bar shi ya zauna a bakin ruwa, a wurare irin su Lakwaja, ba cikin birninsu ba. Dangantakar ta kai har Etsu Maliki, a shekarun 1880, ya aika masa da wasiƙa yana neman ya kai kuka ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da barasa ƙasarsa, domin ta lalata masa mutane. Sarki Musulmi ne ya nemi taimakon bishop a kan abin da shari'a ta haramta, ya kuma san wanda ya dace ya nema.

A garin Gwandu kansa an fi kame jiki. Da matafiyin nan Heinrich Barth ya sauka a can a 1853, Sarkin Gwandu Halilu ɗan Abdullahi bai yarda ya gana da shi ba. Duk da haka an ba shi masauki, ya yi kwanaki, har ya sami aron kwafin Tarikhus Sudan ya kwashi abin da ya iya, ya wuce lafiya. Amana aka ba shi, ba kusanci ba. Wannan matsayi, na kare baƙo tare da ajiye shi a nesa, shi ne ya ci gaba da bin mishan a ƙasashen sarakuna har bayan zuwan Turawa.

Kano ta ƙi, Zariya ta karɓa

Bayan rasuwar Crowther a ƙarshen 1891, samarin Turawa suka karɓe aikin, da zafin kai da kuma zaton cewa Hausawa Musulunci bai ratsa su ba, jira kawai suke a kira su. A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar har Kano ba tare da gayyata ba. Sarkin Kano Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Suka ja da baya zuwa Girku a ƙasar Zazzau, ɗayansu ya mutu a can, ayarin ya watse. Wanda ya nace shi ne likita Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin fatake da mahajjata.

Sannan yaƙi ya zo. A watan Maris na 1903, bayan faɗuwar Sakkwato, Lugga ya yi alkawari a bainar jama'a cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba. Razdanonin da suka biyo baya suka fassara alkawarin da cewa ba a shigar da mishan ƙasar sarki Musulmi sai da yardarsa. Ba don ƙaunar Musulunci suka yi haka ba. Sojojinsu kaɗan ne, mulkinsu ya rataya ga sarakuna, tawayen Satiru na 1906 kuma ya nuna musu abin da ka iya faruwa. A sanadin wannan tawaye ne ma aka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashar.

Zariya ce ta zama togaciya. A 1905, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, aka bar Miller ya zauna cikin birni, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Zaman bai yi daɗi ba. Miller mutum ne mai kaifin harshe, mai kai ƙarar sarakuna da alƙalai wurin Razdan, Turawan mulki kansu suka ɗauke shi ƙaya. Iyaye suka yi ta janye 'ya'yansu da suka ga inda karatun ya dosa. Shekaru suka shuɗe, waɗanda suka karɓi baftisma ba su taka kara sun karya ba.

Abin da ya ba mishan ɗin jama'a daga wani wuri ya ɓullo, kuma ya cancanci malamai su tsaya a kansa. A tsakiyar ƙarni na goma sha tara an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarinsa na ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, alaihis salam, ya kai shi ga ɗaukaka shi fiye da matsayin da jumhurin malamai suka tsaya a kai. Ya tara mabiya, hukuma ta kama shi, aka kashe shi a Kano. Mabiyansa, da ake kira Isawa, suka warwatsu zuwa Ningi da ƙauyukan gabashin Zazzau. Ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, daga cikin zauren karatu fahimtarsu ta fito. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Miller, aka kafa musu ƙauye a Gimi domin su zauna wuri ɗaya a matsayin Kiristoci. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, aka tashi ƙauyen, yaran da suka tsira aka kai su makarantar Zariya. Ba duka Isawa ne suka bi wannan hanya ba, amma daga waɗanda suka bi ne gidaje da dama na Wusasa suka samo tushe.

Ƙaura zuwa Wusasa

Masarauta da gwamnati sun daɗe suna son mishan ta fita daga cikin ganuwa. Wata ƙasida mai ɓatanci ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da 'yar'uwar Miller ta wallafa a shekarun 1920 ta ƙara dagula al'amari. A ƙarshe aka daidaita: a ba mishan fili mai faɗi a gindin dutsen Wusasa, kusa da Kufena, ita kuma ta bar birni. A 1929 aka yi ƙaurar a ƙarƙashin Guy Bullen. Miller ya ɗauki abin a matsayin ja da baya, ya koma Kano ya duƙufa kan fassara. Littafi Mai Tsarki na Hausa cikakke, wanda yake da babban hannu a ciki, ya fito a 1932.

A Wusasa aka gina majami'ar St. Bartholomew, da sunan ɗaya daga cikin Hawariyawa goma sha biyu, bisa al'adar ɗariƙar ta laƙaba wa kowace majami'a sunan wani waliyyinsu. Da ƙasa aka gina ta, magina Hausawa ne suka yi aikin, bisa salon ginin da Zazzau ta shahara da shi tun zamanin Babban Gwani Mika'ilu, maginin masallacin Juma'a na Zariya. Wanda ya hango ta daga nesa zai iya ɗauka soron wani basarake ne. Da gangan aka yi haka, domin a nuna cewa Bahaushe na iya zama Kirista ba tare da ya zama Bature ba. Kusa da ita aka kafa makaranta da asibitin St. Luke, daga baya aka ƙara sakandaren St. Paul, wadda ta koma Kwalejin Kufena bayan gwamnati ta karɓi makarantun mishan, da kuma kwalejin horar da limamai ta St. Francis.

Idan aka auna da burin da aka fito da shi, na juyar da ƙasar Hausa, aikin ya faɗi. Miller da kansa ya rayu har 1952 yana ganin biranen da ya yi wa buri suna nan a kan addininsu. Amma ƙaramar jama'ar da ta taru a Wusasa ta yi nauyin da ya fi yawanta nesa ba kusa ba, dalili kuwa boko ne. A lokacin da makarantun gwamnati a Arewa ba su da yawa, kuma akasari 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatansu ake ɗauka, a Wusasa ɗan manomi da 'yar manomi duk suna shiga aji. Daga wannan al'umma Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likitan zamani na farko ɗan Arewa, wanda yake cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940. Daga nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East, ɗan wannan gida ne. Janar Yakubu Gowon kuma, wanda mahaifinsa mai wa'azin CMS ne daga ƙasar Angas, a Wusasa ya tashi, a makarantar majami'ar ya fara karatu.

Ya kamata a bambance irin wannan majami'a da ta Sabon Gari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, aka ware musu unguwa a wajen birni, suka gina majami'unsu, irin su St. George a Sabon Garin Zariya. Waɗannan na baƙi ne, da Turanci da Yarabanci da Ibo ake ibada a cikinsu, idan rikici ya tashi kuma suna da garin komawa. Mutumin Wusasa ba shi da inda za shi. Hausa ce harshensa, tuwo ne abincinsa, sunansa Audu ko Tafida ko Dikko, 'yan'uwansa na jini kuma suna cikin birni suna salla.

Yadda ake zama a cikin farish

Mako yana juyawa ne a kan Lahadi. A majami'u da yawa na Arewa ana yin ibada biyu, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci. Mawaƙa ke shiga gaba cikin riguna iri ɗaya, liman na biye. Ana karanta abin da jadawalin shekara ya tsara daga Attaura da Zabura da Linjila da wasiƙun manzanni, a furta aƙida tare da murya ɗaya, a yi wa'azi, a tara baiko, sannan a yi sanarwa. Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi, ba ya halatta sai ga wanda aka yi wa baftisma kuma bishop ya ɗora masa hannu ya tabbatar da shi bayan ya yi karatun aƙida. Shekara kuma tana da zangonta: Kirsimeti, da azumin kwana arba'in, da Ista, da Fentikos, sai bikin godiyar kaka, inda kowane gida ke kawo dawa ko doya ko akuya ko kuɗi, a yi gwanjonsu, kuɗin ya shiga asusu.

Musulmin da ya saurari wannan ibada da Hausa zai ji kalmomin da ya sani: Allah, Ubangiji, annabi, mala'ika, addu'a, zunubi, tuba, alheri. Nan ne ake yawan yin kuskure ta fuska biyu. Wani ya ji lafazi ɗaya ya ɗauka ma'ana ɗaya ce, wani kuma ya ɗauka yaudara ce aka shirya. Gaskiyar ita ce masu fassara ba su sami wata Hausar addini ba sai wadda malamai suka riga suka gina, suka ɗauke ta suka zuba mata nasu ma'anoni. Sujada a bakinsu ba sa goshi a ƙasa ba ce, taron ibadar ne gaba ɗaya. Azuminsu ba kamewa daga alfijir zuwa faɗuwar rana ba ne dole. Zakka a wurinsu ɗaya bisa goma ce ta abin da mutum ya samu, ba ta da nisabi, ba ta jiran shekara. Mai muƙabala da bai san wannan ba zai yi ta gardama da abin da abokin zancensa bai faɗa ba.

Liman ba shi kaɗai ke riƙe da majami'a ba. Bishop ne ke turo shi, yana kuma iya ɗauke shi. Waɗanda ke dawwama su ne jama'a, ta hannun majalisar farish da ake zaɓa a taron shekara, da wakilai biyu masu kula da dukiya, ɗaya liman ke zaɓa, ɗaya jama'a. A taron ana karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa na da ikon tambaya. Kowace farish tana biyan kasonta ga dayosis, wato yankin bishop. Ana rubuta duk baftisma da aure da mutuwa a littafi. Kafin a ɗaura aure sai an yi shela Lahadi uku a jere, ko akwai mai ƙorafi. Wannan aikin takarda ba shi da armashi, amma shi ya sa majami'ar da ba ta da attajiri ko ɗaya take iya riƙe makaranta shekara da shekaru, ta kuma fito da takardar filinta ranar da aka tambaya.

Ƙarfin yau da kullum kuwa a hannun mata yake. Ɗariƙar a Nijeriya ba ta naɗa mace firist, amma ƙungiyar iyaye mata da Mary Sumner ta kafa a Ingila a 1876, da zumuntar mata, su ne ke dubiyar marar lafiya, su yi girkin biki da na makoki, su sasanta ma'aurata, su tara wa gwauruwa jari. Matasa suna da ƙungiyar mawaƙa da ta fareti. Yaro yana tashi ya tarar da kowace maraice ta mako da abin da aka tanadar masa.

Batun aure ya daɗe yana ba su wuya. Taron bishop-bishop na Lambeth na 1888 ya hana yi wa mai mace fiye da ɗaya baftisma, hukuncin da ya raba gidaje da yawa a Afirka, sai a taron 1988 aka sassauta bisa sharuɗɗa. A wani ɓangaren kuma, masu zaton Angalikan Nijeriya 'yan amshin shatan Ingila ne sun yi kuskure. Cocin Nijeriya ya zama mai cin gashin kansa a 1979. Da cocin Amurka ya naɗa bishop mai neman jinsinsa a 2003, na Nijeriya a ƙarƙashin Akbishop Peter Akinola ne ya jagoranci bijirewa, har aka yi taron Ƙudus na 2008 domin kafa wata haɗaka dabam.

Akwai kuma nauyin da ba a rubuta shi a rajista. Bahaushe Kirista yana tsakanin tsaka mai wuya: danginsa Musulmi suna kallonsa a matsayin wanda ya bar gida, Kiristan Kudu kuma yana jin harshensa da ganin rigarsa sai ya sa shi cikin waɗanda yake tsoro. A watan Maris na 1987, rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, inda aka ƙona masallatai, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka ƙona majami'u masu yawa. Wusasa ba ta tsira ba, alhali mutanenta ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Waɗanda suka kai harin ba su bambance maƙwabcin shekara sittin da baƙon jiya ba. Bayan shekara goma, a 1997, aka ɗaga Wusasa ta zama dayosis mai kanta, da Ali Buba Lamido a matsayin bishop na farko.

Mas'alar wuri, da komawa Kabi

Inda majami'a za ta tsaya tsohuwar mas'ala ce a fiƙihun Malikiyya. Mukhtasar na Khalil ya bambance ƙasar da aka ci da yaƙi, da wadda aka shiga da sulhu, da garin da Musulmi suka assasa da kansu, kowace da hukuncinta game da gina sabon wurin ibada na ahlul zimma, har ya yi togaciya ga halin da hanawa za ta jawo ɓarna mafi girma. A ƙarshen ƙarni na goma sha biyar malaman Magrib sun yi saɓani mai zafi a kan wurin ibadar Yahudawan Tuwat: Shaihu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Rumfa, ya tafi a kan rushewa, alƙalin Tuwat Al-Asnuni ya saɓa masa, Wansharisi kuma ya tattara fatawoyin ɓangarorin biyu a cikin Mi'iyar. Daular Usmaniyya ta aiwatar da babin zimma a kan Maguzawa, amma ba ta taɓa samun talakawa Kiristoci 'yan ƙasa masu neman filin majami'a ba. Saboda haka tsarin bayan ganuwa da aka gani a Wusasa da Sabon Gari ba fatawar malaman jihadi ba ce kai tsaye. Sulhu ne tsakanin sarki da Razdan, kowannensu da abin da yake karewa.

A ƙasar Gwandu sulhun ya fi ko'ina tsauri, yanayi kuma ya taimaka. Layin dogo ya tsaya a Ƙaura Namoda, bai kai Sakkwato ko Birnin Kebbi ba, don haka babu babban Sabon Gari irin na Kano. Mishan ɗin da suka yi aiki a yankin wasu ne dabam: SIM ta karɓi asibitin kutare na Amanawa a lardin Sakkwato a shekarun 1930, wasu kuma suka zauna a ƙasar Zuru da Yawuri, inda akasarin Kiristoci 'yan asalin jihar suke har yau. Angalika ta shigo ne a hankali, tare da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa.

Tsarin shugabancinta ma daga nesa ya taho. An kafa dayosis ɗaya ga Arewa duka a 1954, hedikwata a Kaduna. A 1990 aka yanka sababbin dayosis na bishara, ciki har da Sakkwato, wadda bishop ɗinta na farko, Josiah Idowu-Fearon, ya yi karatun Musulunci a jami'a a Ingila, daga baya ya zama babban sakataren ɗariƙar ta duniya daga 2015 zuwa 2022. (Abin tambaya ne ko nawa ne a cikin ɗaliban addini suka san Kiristanci kwatankwacin yadda ya san littattafansu.) Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta cika da ma'aikata, ba a jima ba ta sami dayosis tata a cikin shekarun 1990. Edmund Akanya, wanda ya daɗe yana riƙe da ita, ya kai ga zama akbishop na lardin Kaduna.

Garin Gwandu, mai hubbaren Malam Abdullahi, yana nan kusan yadda yake, fadar sarki ma ta daɗe da komawa Birnin Kebbi. Kalgo ce ke sauyawa. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 tana da mazauninta a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ga kuma babban asibitin da jiha ta gina a garin. Malaman jami'a da ma'aikatan jinya da ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima suna zuwa daga ko'ina, gonakin bakin hanya suna zama filaye. Babu ganuwa da za a ce a tsaya bayanta, babu Razdan. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa shi kaɗai ko cikin jama'a. A irin wannan wuri majami'ar Angalika takan fara ne da gidaje kaɗan a falon wani ko a ajin makaranta, sai a turo mai wa'azi, sai a buɗe rajista da asusu, sai a fara neman fili. Mai gonar da aka taya, da mai unguwar da za a nemi ya shaida ciniki, da magidancin da abokin aikinsa ya rasu yake tunanin ko ya je gaisuwa, duk zauren malamin unguwa za su fara zuwa da tambaya, kafin wani ya taka ofishin filaye a Birnin Kebbi.